Dutsen da ƙasar Kenya ta ci sunansa

Farkon ganina da shi ban gane shi ba ne. Muna cikin motar haya irin wadda suke kira matatu, mun baro Nairobi tun bayan sallar asuba, mun wuce Thika, mun haye kogin Tana a Sagana, mun bar Karatina a baya. Can wajen Naro Moru gajimare ya yaye ta hannunmu na dama, sai ga wani abu baƙi ya tokare gefen sama. Ni ina tsammanin dutse mai tsini, tsaye ƙyam. Wannan kuwa shimfiɗe yake, kamar an kife ƙaton akushi a ƙasa, sai a can tsakiyarsa wasu haƙora suka tsiro, da ɗigon fari a jikinsu. Na taɓa abokin tafiyata na ce, “Malam, ko shi ne?” Ya daɗe yana kallo ta taga kafin ya ce, “Shi ne, Bakano. Allah mai iko.”

Malam mutumin Damagaram ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kwas na wata uku ya haɗa mu a Nairobi, mu biyu kaɗai ne masu jin Hausa a ajin, don haka tun makon farko muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shi ya kawo shawarar mu hau dutsen a hutun da aka ba mu cikin Fabrairu, lokacin da ruwa ke ɗaukewa a can, sama ta yi garau da safe. Ni kuwa iyakar hawana a duniya Dala da Goron Dutse. Abin da ya sa na amince wata magana ce da wani malaminmu ya yi a aji, ta tsaya mini a rai: ba dutsen ne ya ci sunan ƙasar ba, ƙasar ce ta ci sunan dutsen. Na so in ga wane irin dutse ne wannan da ƙasa guda take amsa sunansa.

A Nanyuki muka kwana. Garin yana kan layin Ikweta, wanda ya raba duniya arewa da kudu, kuma ƙololuwar dutsen ba ta fi kilomita 17 kudu da layin ba. Wato a inda rana ke tsayawa a tsakar ka, a nan ƙanƙara take kwance shekara da shekaru. Muka yi hayar rigunan sanyi, safar hannu, takalman hawa da jakar barci, muka ɗauki jagora, da mai dafa abinci, da 'yan dako uku. Na sayi taswirar dutsen a wani shago na ninke ta a aljihu.

Jagoranmu ɗan ƙabilar Kikuyu ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Malam yake kira “Mzee”, wato dattijo, ni kuma “ndugu”, ɗan'uwa. Tun a daren na lura da wani abu: idan yana magana da mu da Turanci sai ya ce Dutsen Kenya, da ya juya wajen 'yan dako sai in ji “Kirinyaga”. Na tambaye shi. Ya ce wannan shi ne sunan da ya tashi ya ji a bakin kakarsa. Wasu na fassara shi da dutsen haske ko dutsen fari, wasu kuma su ce daga “nyaga” ne, wato jimina, domin baƙin dutse da farar ƙanƙara sun yi kama da gashin namijin jimina. A addininsu na gargajiya nan ne mazaunin Ngai, abin bautarsu, wanda suke yi wa laƙabi da Mwene Nyaga. Ƙofar ɗaki dutsen take kallo, dattawa kuma idan za su yi roƙon ruwa a gindin bishiyar mugumo, wadda dangin cediyarmu ce, dutsen suke fuskanta. Yau yawancin Kikuyu Kirista ne, amma girman dutsen bai fita daga zukatansu ba. Da yake faɗa, sai Dala ya faɗo mini, da labarin Barbushe da Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. Na ciro biro na rubuta Kirinyaga a gefen taswirar, domin babu shi a kan ƙololuwar da aka zana.

To ina “Kenya” ta fito? Daga bakin wasu mutanen daban. Ranar 3 ga Disamba 1849 wani ɗan mishan Bajamushe, Johann Ludwig Krapf, yana Kitui a ƙasar Kamba, baƙon wani babban attajirin fatake mai suna Kivoi, ya hango dutsen daga nesa. Mutanen Kamba “Kiinyaa” suke cewa. Krapf ya rubuta abin da kunnensa ya ji, wani wuri Kenia, wani wuri Kegnia. A Turai aka ƙaryata shi, masana na cewa ina ƙanƙara ina Ikweta, har sai da wani Bature matafiyi, Joseph Thomson, ya hango dutsen daga Laikipia, filin da ke arewa maso yammacinsa, a 1883 ya tabbatar. A 1920 Turawan Ingila suka sauya wa yankin da suke mulka suna ya koma Kenya, da aka sami 'yanci a 1963 kuma aka bar shi a haka. Malam ya yi murmushi ya ce ai mu ma haka ne, Nijar ɗinsu da Nijeriyarmu sunan kogi ɗaya suka ci, kogin da mu Hausawa muke kira Kwara. Na ƙara Kiinyaa a ƙarƙashin Kirinyaga.

Washegari mota ta kai mu ƙofar Sirimon, ta arewa maso yammacin dutsen, aka rubuta sunayenmu a littafin masu gadin gandun dajin. Tun 1949 aka keɓe wurin, a 1997 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya. Ƙofar kanta tana kan tsayin kusan mita 2,650. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ba mu ko ɗaga ƙafa ba mun riga mun wuce saman ƙasarmu.

Tafiyar ranar farko ba ta da wuya, kilomita tara ce a kan hanyar mota cikin kurmi. Dogayen itatuwa, gansakuka na reto a rassansu kamar gemun tsoho, birai baƙaƙe masu farar jela na tsalle a sama. Sau biyu muka tsallake kashin giwa, ɗaya har da ɗumi, jagora ya ce mu matso kusa da juna, ya ce ɓauna ta fi giwa haɗari a nan. Kalmarsa ɗaya ce duk tsawon hanya: “pole pole”, sannu sannu. Da la'asar itatuwa suka fara gajarta, suka koma ƙirare, sannan suka ƙare ƙaf. Muka iso zangon Old Moses, mita 3,300.

A nan na san sanyi. Hunturun Kano, ko na Jos, wasa ne. Rana na faɗuwa sai ka ji kamar an buɗe maka ƙofar firji. Na ɗebi ruwan ƙorama zan yi alwala, yatsuna suka sandare kafin in kai ga wanke fuska, mai dafa abinci ya gani ya kawo mana ruwan ɗumi a buta, kuma daga ranar bai taɓa mantawa ba, ko da yake shi ba Musulmi ba ne. Allah ya saka masa da alheri. Da muka duba alƙibla sai ta nuna arewa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fuskantar gabas, jikinsa ba ya yarda da sauri. Muka haɗa magariba da isha'i muka yi ƙasaru, dutsen yana bayanmu, fitilun ƙauyukan Laikipia na ƙyalli a can ƙasa.

Rana ta biyu ita ce mai tsawo, kuma ita ce ta fi zauna mini. Mun tashi ciyawa duk ta yi fari da daskararriyar raɓa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Muka haye ƙoramar Ontulili, muka gangara kwarin Liki muka sake haurawa, har muka hau wani tudu, sai ga wani ƙaton kwari ya buɗe a gabanmu, a ƙarshensa kuma haƙoran nan da na gani daga mota, yanzu sun zama katangu. Tsire-tsiren wurin ban taɓa ganin irinsu ba. Akwai wanda ya yi kama da kabeji a kan kututture, ya fi mutum tsayi. Ganyensa idan ya bushe ba ya faɗuwa, sai ya lanƙwashe ya lulluɓe kututturen kamar bargo. Na cusa hannu cikin busassun ganyen, ciki babu sanyi. Akwai wani gajere mai ganye zagaye kamar faifai, yana tara ruwa a tsakiyarsa. Na sa yatsa na fasa siririyar ƙanƙarar da ta rufe ruwan. Jagora ya ce da dare ganyen kan tsuke su rufe zuciyar tsiron, da safe su buɗe. A nan kowace rana bazara ce, kowane dare hunturu, to kowane mai rai ya san dabarar da zai kwana. Wani kuma dogo ne kamar taɓarya, jikinsa duk gashi mai laushi. Ko wannan tsiron, a littattafan masana, sunan wani Bature yake ɗauke da shi: Teleki.

A bakin kwarin muka zauna cin abinci, na buɗe taswira a kan gwiwa, na bi sunayen da yatsa. Can ƙasa, inda mutane ke noma da kiwo, koguna da garuruwa duk da harshen ƙasa suke: Sirimon, Liki, Naro Moru, Nanyuki, Nithi. Ana haurawa sama sai harshe ya sauya. Kwarin da muke ciki Mackinder. Na bayan dutsen Teleki, sunan wani basarake ɗan ƙasar Hangari da ya hau har wajen mita 4,300 a 1887 ya juya. Shimfiɗar ƙanƙara mafi girma Lewis, sunan da masanin duwatsu John Gregory ya raɗa mata a 1893 don tunawa da wani farfesa Ba'amurke da ya riga ya mutu. Ga tafkunan Hall, ga tafkin Michaelson, ga zangon Shipton inda za mu kwana. Kamar ka shiga unguwa a garinku ka tarar duk titunan sunan baƙi. Na nuna wa jagora. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Ndugu, kakanninmu suna shiga kurmi neman zuma da itace, amma nan sama gidan wani ne. Ba ka shiga gidan babba ka raɗa wa ɗakunansa suna.” Wannan amsa ta ishe ni tunani har yamma. Su sun sa wa dutsen suna ɗaya gaba ɗayansa, saboda daga ƙasa suke kallonsa da girmamawa. Waɗanda suka zo da igiya da alƙalami su ne suka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunan aboki ko mai gida.

Shi kansa kwarin labari ne. Dutsen nan tsohon mai aman wuta ne, ya taso kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, kuma masana na ganin a ƙuruciyarsa ya fi Kilimanjaro na yau tsayi. Da wutar ta mutu, ƙanƙara ta rufe kansa dubban shekaru, tana gangarowa a hankali tana kankare shi. Abin da ya fi taushi ya tafi. Haƙoran da suka rage su ne narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaron ramin wutar, ya fi sauran tauri. Shi ya sa kwarurukan ba su da tsini a ƙasa kamar kwazazzabon da ruwa ya haƙa, faɗi gare su kamar kwami, kuma duk daga ƙololuwa suka taso suka bazu ta kowace fuska kamar tsagar kitson shuku. Malam ya kalli katangun, wani wuri ja-ja, wani wuri baƙi ƙirin, ga fari a tsakani, ya karanto ayar nan ta Suratu Faɗir da ke maganar duwatsu masu zane fari da ja da baƙi. Ban taɓa jin ayar kamar yadda na ji ta a wurin ba.

Zangon Shipton yana kan mita 4,200, dogon ɗaki ne mai gadaje hawa biyu, daidai gindin katangar. Agwada sun cika wurin, manya masu kauri, gashinsu ya fi na namu tsawo, ba sa tsoron mutum. Ɗaya ta zo ta zauna a kan dutse dab da ƙafata tana kallon biredin hannuna. A daren kaina ya yi ciwo kamar ana sara da gatari, abinci ya fita raina, barci ya ƙi zuwa. Da na fara gyangyaɗi sai in farka ina neman numfashi. Jagora ya sa muka ƙara kwana ɗaya don jiki ya saba, yana ta ɗura mana shayi da ruwa. Ya ce duk wanda ya fara tari mai kumfa ko tafiya kamar mashayi, ko tsakar dare ne sai an sauko da shi, domin maganin ciwon dutse ɗaya ne, sauka.

A wannan ranar hutu muka zauna a rana muka yi maganar manyan sunayen uku, waɗanda su ne suka fi ɗaure mini kai. Ƙololuwa mafi tsayi Batian ce, mita 5,199, ta biyu a Afirka bayan Kilimanjaro. Kusa da ita Nelion, mita 5,188. Wadda za mu hau Lenana, mita 4,985. Waɗannan ba sunayen Turawa ba ne, amma kuma ba na Kikuyu ba ne, ba na Embu ba, ba na Meru ba, alhali su ne suka kewaye dutsen da gonakinsu. Sunayen shugabannin Masai ne, wata ƙabilar makiyaya, kuma Bature ne ya raɗa su. Halford Mackinder, malamin ilimin ƙasa daga Oxford, shi ne ya fara kai wa kan Batian ranar 13 ga Satumba 1899, tare da wasu gwanayen hawa biyu daga tsaunukan Italiya, César Ollier da Joseph Brocherel. Mbatian, wanda Batian ta ci sunansa, babban “laibon” ne na Masai, wato mai duba kuma jagoran addini, ya rasu wajen 1890. Nelion ɗan'uwansa ne. Lenana, ko Olonana, ɗansa ne. Jagora ya juya ya nuna mana wasu tsaunuka biyu a ɗaya gefen kwarin: Terere da Sendeyo. Sendeyo shi ma ɗan Mbatian ne, kuma shi da Lenana sun yi rikicin gadon mahaifinsu har ya kai ga yaƙi. Ga su nan a taswira, kwari ya raba su.

Zamanin da ake wannan rikici Masai na cikin masifa. Annobar bushiya ta ƙarar da shanunsu, annobar nan da a shekarun ta ratsa har ƙasashenmu ta talauta Fulani, ga agana, ga yunwa. Lenana ya jingina da Turawan Ingila, suka naɗa shi babban sarkin Masai. Yarjejeniyar 1904, wadda ya sa wa hannu, ita ta fitar da Masai daga makiyayarsu mafi kyau, ta 1911 kuma, shekarar da ya rasu, ta kwashe su daga Laikipia zuwa kudu. Laikipia ɗin nan da muke hangowa daga Old Moses, wadda ta koma manyan gonakin Turawa.

A nan ra'ayina ya rabu biyu, kuma har yau bai haɗu ba. Na ji daɗi da saman wannan dutse yana amsa sunan 'yan Afirka. A Kilimanjaro Jamusawa sunan sarkinsu Wilhelm suka sa wa ƙololuwa, sai bayan 'yanci aka mayar da ita Uhuru. Tafkin da Teleki ya kira Rudolf sai a 1975 ya koma Turkana. A nan ba a bukaci goge komai ba. Amma kuma abin ya dame ni: baƙo ne ya zaɓi wanda za a girmama a gidan mutane, ya tsallake masu gidan ya ɗauko maƙwabtansu, maƙwabtan da 'yan shekaru kaɗan bayan haka gwamnatinsa ta raba da ƙasarsu. Na tambayi jagora ko abin yana yi masa ciwo. Ya ce shi Batian da Nelion sunayen aiki ne, da su yake cin abinci, da su ake kiran masu ceto idan wani ya faɗi. Idan ya koma gida kuwa Kirinyaga ne. Malam ya ce, “Bakano, ka ji mutumin da ya san bambancin sunan yanka da laƙabi.”

Ƙarfe uku na dare muka tashi. Kowa da tocila a goshi, ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka da tururin bakinka. Hanyar tsakuwa ce mai zamewa, amma sanyi ya daskarar da ita, shi ya sa ake hawa da dare. Taku goma, tsayawa, numfashi. A wannan tsayi abin da huhu ke samu kaɗan ya ɗara rabin na bakin teku. Ruwan gorata ya zama ƙanƙara. Wajen tafkin Harris, wanda ban gani ba sai dai na ji an ce ga shi nan, Malam ya zauna a kan dutse ya ce, “Ku je, ni na tsaya nan.” Jagora ya durƙusa ya haska idonsa, ya sa shi ya taka 'yan taku a miƙe, ya ba shi shayi mai zafi daga fulas, ya ce, “Mzee, ƙafarka lafiya, kanka lafiya. Pole pole.” Na karɓi jakarsa. Na ji shi a bayana yana ta hailala a hankali, kowace kalma da takunta. Da alfijir ya keto muka yi taimama muka yi sallah a wani ɗan fili tsakanin duwatsu, sannan muka kama 'yan matakan ƙarfe da aka kafa a dutsen ƙarshe.

Mun isa kan Lenana rana na shirin fitowa. Gabas duk gajimare ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar an baza auduga a fili, bakinsa ya yi ja. Sai hasken farko ya bugi Nelion a gabanmu, katangar ta koma launin jan ƙarfe, Batian na leƙowa ta bayanta. Tsakaninsu akwai wata 'yar tsaga da Mackinder ya kira Ƙofar Hazo. Mu iyakarmu nan, domin waɗancan biyun sai da igiya da gwaninta. Can kudu, nesa ƙwarai, jagora ya nuna mana wani ɗan tudu yana yawo a kan gajimare: Kilimanjaro, fiye da kilomita 300 daga inda muke. Malam ya rungume ni, hawaye na zuba, bai ce komai ba sai “Alhamdu lillahi”.

Nelion ba a hau ta ba sai a 1929, shekara talatin bayan Batian. Eric Shipton ne, wanda muka kwana a zangon da ke da sunansa, tare da Percy Wyn-Harris. Wannan na biyun ya taɓa tarihinmu: shi ne ya riƙe mulkin Arewacin Kamaru lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, wadda ta shigar da yankin cikin Nijeriya ya zama lardin Sardauna, yankin da Mambila da Chappal Waddi suke. A 1943 wasu fursunonin yaƙi uku 'yan Italiya sun gudu daga sansaninsu a Nanyuki don kawai su hau dutsen, biyu suka kafa tuta a nan kan Lenana, sannan suka koma sansanin da ƙafarsu. A shekarun 1950 kurmin da muka ratsa ya ɓoye mayaƙan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin Turawan Ingila. Amma wanda jagoranmu ya ambata da alfahari shi ne Kisoi Munyao, ɗan ƙabilar Kamba, wanda ya kai sabuwar tutar Kenya kan dutsen a daren 'yanci, 12 ga Disamba 1963. Ɗan mutanen da “Kenya” ta fito daga bakinsu.

Sai ya ja hannuna ya nuna mini ƙasa ta kudu maso yamma, inda wata 'yar bukka take, wadda ake kira ta 'yan Ostiriya. Kusa da ita ga abin da ya rage na ƙanƙarar Lewis: wani ƙyalle fari-fari mai datti, manne a jikin tsakuwa. Ya ce lokacin da ya fara dako yana saurayi, daga bakin bukkar kaɗan za ka taka ka hau ƙanƙara. Yanzu sai ka gangara ka yi tafiya cikin duwatsu. Tsakanin 1934 da 2010 ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta, wasu ƙananan kuma, har da wadda ke da sunan Gregory, sun ɓace gaba ɗaya, sunansu kawai ya rage a taswirar aljihuna. Wannan ya taɓa ni fiye da duk maganar Mackinder. Farin nan shi ne asalin sunan. Shi mutanen Kikuyu suka gani suka ce Kirinyaga, shi mutanen Kamba suka nuna wa Krapf. Jiminar tana zubar da farin gashinta a kan idonmu.

Ta gabas muka sauka, hanyar Chogoria. Kusa da tafkunan Hall jagora ya ce mu kwanta rub da ciki mu leƙa wani gefen dutse, sai ga rami mai zurfin ɗaruruwan mita, a ƙasansa tafkin Michaelson kore shar kamar an ajiye tasa. Daga nan gangara ce har gwiwa ta fara rawa. Wannan gefen shi ke samun ruwan sama mai yawa, saboda iskar tekun Indiya nan take fara bugawa, don haka ko'ina ƙorama ce ke gudu. Duk suna tafiya kogin Tana, mafi tsawo a Kenya, wanda madatsunsa ke ba ƙasar wutar lantarki. Na gefen arewa kuma su faɗa Ewaso Ng'iro, wanda makiyayan ƙasar fari ke dogara da shi. Muka kwana a ɗakunan katako na bakin ƙofar gandun, washegari wata tsohuwar mota mai ƙarfi ta ratsa da mu dajin gora, taɓo har gindin ƙofa, sannan kurmi, sannan gonakin shayi da ayaba.

A Chogoria, muna jiran motar Nairobi, muka zauna a rumfar wata tsohuwa mai sayar da ayaba da shayi. Nan ƙasar Meru ce. Ta ga leɓunanmu sun tsattsage, ta tambayi jagora daga ina, ya gaya mata. Na ce ya tambaye ta ko ta san Lenana. Ta ce tana ji a bakin masu dako. Ita tun da aka haife ta a gindinsa take, ba ta taɓa wuce kurmi ba. To yaya take kiransa? Ta nuna wajen da gajimare ya rufe da haɓarta ta ce, “Kirimara.” Jagora ya ce ma'anarsa mai dabbare-dabbaren fari. Sai ta tambaya ko har yanzu akwai ƙanƙara a sama, domin tana yarinya daga ƙofar ɗakinsu take ganin farin da safe, yanzu kuwa sai ta ƙura ido. Na buɗe wayata na nuna mata hoton Lewis. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta kawo ta kusa da fuska ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini, ta ƙara wa Malam shayi ba tare da ya roƙa ba. Na ciro taswirar, duk ta yamutse da gumi, na rubuta Kirimara a ƙarƙashin sauran biyun. Yaron mota na ta buga ƙofa yana kiran Nairobi.